Littafin Gyaran Baba

A Tudun Jukun, bayan shagon mai faci,
akwai akwatin ƙarfe mai launin toka
da Baba Ɗalhatu ba ya bari a zauna a kai.
A ciki littafi ne ɗaya, bangonsa ya sha baƙin mai,
sai wani boris naɗe a takarda mai maiƙo,
sabo fil, bai taɓa juyawa ba.

Mutumin da ya koyi iyo a Kubanni,
inda ruwan rani ba ya wuce gwiwa,
shi ne ya yi shekara ashirin da biyu a jirgin yaƙi.
Can ƙasa nake nufi, a tumbin jirgin,
inda babu taga, alƙibla ma sai an tambaya.
A sama akwai makamai masu linzami.
Ya ce sau ɗaya aka harba yana ciki,
bai gani ba, ji ya yi a haƙoransa,
shayin Barau ya zube a kan sifana.

Yanzu ido ya yi rauni, ni nake karanta masa.

Laraba: famfon injin hagu yana tari.
An kwance, an wanke, an mayar.
Asabar: ya sake.
Litinin: an cire bawul daga injin dama,
an ɗaura wa na hagu.

Nan yakan ɗaga hannu ya tsayar da ni.
Wannan, in ji shi, rance ne daga aljihu zuwa aljihu,
wando ɗaya ne, ɗana, wando ɗaya.

Shafi na tamanin, rubutun ya ƙanƙance:
Boris ya ci. An rubuta wa kamfani.
Shafi na tamanin da ɗaya: Ana jira.
Damina ta zo Ikko ta tafi: ana jira.
Kyaftin ya canza, aka yi fenti saboda manyan baƙi,
fenti a kan tsatsa, tsatsa a kan gishiri.
Jirgin da ya taɓa keta teku har ƙasar sanyi
yana ɗaure a bakin gaɓa kamar sa a turke,
kifaye na haihuwa a inuwarsa,
su Baba na goge tagulla, suna cika littafi.

Boris ya iso bayan shekara shida,
sati biyu da sauke tuta.
Ma'aji ya ce babu jirgin da za a rubuta shi a kai.
Baba ya sa hannu a takarda, ya hau mota,
ya sauka a Kwangila da jaka ɗaya da abin a ƙirji.

Masu injin ban-ruwa daga fadamar Galma sun gwada shi,
mai niƙa na Sabon Gari ya auna da zare.
Bai shiga komai ba.
Duk faɗin Zazzau babu ramin da ya dace da shi.

Ran Talata muka je Shika.
Likita ta daɗe tana sauraron ƙirjinsa,
kamar yadda ya ce yakan kafa sukuddireba a jikin inji
ya ɗora kunne a kan ƙotar.
Ta ce wata 'yar ƙofa ce a zuciya ba ta rufuwa,
akwai irinta, amma ba a nan ake yi ba.

Baba ya yi dariya har tari ya kama shi.

Da muka dawo, bayan la'asar,
ya sa na buɗe akwatin, na nemo shafin da ba rubutu.
Sa kwanan wata, ya ce.
Rubuta: bawul yana yoyo.
Rubuta: an sanar da na sama.

Na tsaya da biro a hannu.
Mai faci yana ta bugun taya a waje.

Ka san sauran, ya ce.
Kuma ka gyara hannunka, wani zai karanta.